Ɗan Ƙwaron Da Ya Ceci Lemon Kalifoniya

A shekarar 1868 aka fara ganin wani farin abu kamar auduga manne a rassan itatuwan ado a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya, a Amurka. Ashe ƙwaro ne. Kafa baki yake yi a jikin reshe ya yi ta zuƙar ruwan itacen yana zubar da darɓa, har ganye ya yi baƙi ƙirin ya kaɗe. Kafin shekara ashirin ya mamaye gonakin lemo. An yi feshi, an lulluɓe bishiyoyi da tanti an busa musu hayaƙin guba, abin sai gaba yake yi. Wasu manoman suka haƙura, suka shiga tumɓuke bishiyoyinsu.

Charles Riley, shugaban masana ƙwari na ma'aikatar gona ta Amurka, ya yi tunani: ƙwaron nan daga Ostareliya ya zo, kuma can bai dami kowa ba, to lalle akwai mai cinsa. Sai dai majalisa ta hana ma'aikatansa fita ƙasashen waje da kuɗin gwamnati. Aka yi dabara, a 1888 aka tura ɗaya daga cikinsu, Albert Koebele, da sunan wakili a baje kolin Melbourne, a Ostareliya. Shi kuwa lambuna ya nufa yana leƙen rassa.

Can ya tarar da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, ana ce masa vedalia, yana cin mugun ƙwaron har da ƙwansa. Kashi uku na farko da ya aiko guda 129 ne kacal. Aka sake su a wata bishiyar lemo cikin tanti a Los Angeles. Da suka cinye na kanta aka buɗe tantin, manoma suka yi ta zuwa suna ɗibar rassa masu ɗauke da su. Cikin shekara guda lemon da ake fitarwa daga yankin ya tashi daga tarago 700 zuwa 2,000. Duk hidimar ba ta wuce dala 1,500 ba. Manoman ba su yi rowa ba, agogon zinariya suka ba Koebele.

Wajen 1946 aka shiga fesa DDT. Maganin ya kashe vedalia, farin ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa, sai da aka sake yaɗa wasu.

Mai lambu, in ka ga farin nan a shukarka, duba reshen da kyau kafin ka ɗauko famfon feshi.