Gobarar Hunturu da Yaƙin Hitila

Duk wanda ya taɓa ganin gobara ta tashi cikin hunturu a unguwa mai dangar zana ya san ba ashana kaɗai ke cin gari ba. Sai an samu ciyawa ta bushe, gidaje sun manne da juna, iska tana kaɗawa, maƙwabta kuma sun hangi hayaƙi sun ce ai ba gidanmu ba ne. Da wannan nake so iyaye da yayye su fara, idan ɗan sakandare ya zo yana kukan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu sun ƙi zama a kansa.

An ce ya haddace 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Polan. To, ashanar ke nan. Sai ka tambaye shi, me ya busar da ciyawar? A nan ya kamata ku daɗe. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora wa Jamus alhakin yaƙin farko, ta aza mata diyya mai nauyi, ta yanke mata ƙasa. Karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta bar miliyoyin Jamusawa ba aikin yi. Mutumin da yunwa da wulaƙanci suka haɗu a kansa yana saurin bin mai nuna masa wanda zai tsana, haka Hitila ya samu mulki a 1933. Maƙwabtan da suka hangi hayaƙi kuwa su ne Ingila da Faransa, waɗanda a 1938 suka sallama masa wani yankin Cekoslobakiya, suna zaton wutar za ta tsaya nan.

Daga 1941 iska ta yi ƙarfi. Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor.

Yaro zai ce, mu ina ruwanmu? Nuna masa cewa dangarmu a lokacin tana manne da ta Ingila. Jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi suna sauka Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Masar. Dubban samarinmu aka kwashe zuwa dazukan ƙasar Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ta kasance harshen bariki. Ya bincika a dangi, wataƙila a samu kakan da aka ce ya je Bama.

Akwai inda misalin gobara ba ya kaiwa, kuma dole a faɗa wa yaro ƙarara. Wuta ba ta da niyya. Yahudawa kusan miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta hallaka, mutane ne suka zauna suka rubuta sunayensu, suka tsara jiragen ƙasan da za su kwashe su, suka gina sansanoni irin na Auschwitz. Bama-baman da suka faɗa kan Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945 su ma da umarnin mutum aka jefa su. Idan kun iso wannan babi, ka rage gudu, ka bar shi ya yi tambayoyinsa duka.