Yadda Haske Ya Tona Asirin Amosanin Jini

A Katanga da sauran ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, da wuya a rasa unguwar da ba a san amosanin jini ba, wato sikila. Da zarar hunturu ya kama, sai ciwon ƙashi ya tayar wa masu ita. Tushen wannan azaba kuwa furotin ne guda, mai suna himoglobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini.

A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa himoglobin ɗin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Muddin yana riƙe da oksijin, a narke yake zaune. Da ya sake ta, sai ya shiga mannewa da 'yan'uwansa, su jeru cikin tsari irin na lu'ulu'u, su zama dogayen zaruruwa masu tauri. Su ne ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje.

To, yaya za a auna saurin wannan daskarewa? A 1980 Frank Ferrone da James Hofrichter da William Eaton da abokin aikinsu, a Amurka, suka nemi taimakon haske. Sun haɗa himoglobin da iskar kabon monoksaid, wadda ke hana shi daskarewa kamar yadda oksijin ke yi. Sannan suka haska masa lesa. Hasken ya fizge iskar nan take, furotin ya zama fanko, zaruruwa suka fara tsirowa. Da aka kashe lesar, iskar ta koma mazauninta, suka narke.

Abin lura shi ne, zaruruwan ba sa fitowa nan da nan. Akwai ɗan jinkiri kafin irin farko ya haɗu, kuma idan kaurin himoglobin ya ƙaru kaɗan, jinkirin yakan ragu ƙwarai. Ƙwayar jini na ratsa siraran jijiyoyi cikin kamar daƙiƙa guda. In ta fice kafin ta sandare, ta tsira. In ta makara, ta toshe hanya, ciwo ya tashi.

Saboda haka ne likitoci ke gargaɗin masu sikila da su guji ƙishirwa. Haka kuma maganin haidiroksiyuriya na ƙara himoglobin irin na jarirai, wanda ke tsawaita jinkirin. Sai dai rigakafi ya fi magani: idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da hatsarin ɗaya bisa huɗu na haifar mai sikila. Gwajin jini kafin aure ne ke bayyana hakan.