In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Gargaɗi Ga Mazauna Bakin Kubanni Da Galma

Ranar 22 ga Mayu, 1960, aka yi wata girgizar ƙasa a Chile wadda har yau ba a auna mai ƙarfinta ba. Mutanen garin Hilo da ke Hawaii ko motsi ba su ji ba, domin tsakaninsu da wurin ya kai kilomita 10,000. Sai dai labari ya riga ruwa isowa. Da dare aka busa jiniya, aka ce kowa ya bar bakin teku, igiyar tsunami na tafe. Wasu suka tashi. Wasu suka ce an sha faɗa a baya ba a ga komai ba. Wasu sun hau tudu, da suka ji shiru suka koma gida. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, awa 15 bayan girgizar, ruwa ya hau garin ya ci mutum 61.

A ranar 26 ga Disamba, 2004, irin wannan ta auku kusa da tsibirin Sumatra na Indunisiya, rayuka sama da 200,000 suka salwanta. Sai da igiyar ta yi kusan awa 7 kafin ta iso gaɓar Afirka. A Somaliya, inda babu mai sanar da masunta, mutum kusan 300 suka mutu. A Kenya, inda aka kori jama'a daga bakin ruwa tun da labari ya zo, mutum ɗaya aka rasa.

Mu a Zariya ba mu da teku. Amma muna da kogin Kubanni, muna da kogin Galma, kuma halin mutanen Hilo yana nan jibge a cikinmu.

Ruwan da zai ci gidanka ba lallai a kan rufinka ya zuba ba. Kubanni daga wajen Shika ya taso, ya ratsa Jami'ar Ahmadu Bello inda aka datse shi don ruwan sha, ya gangaro ya bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, kafin ya faɗa Galma. Duk ruwan da aka tafka a can sama, ta nan zai bi. A watan Agusta da farkon Satumba ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta ƙara shan ko ɗigo. Kana iya kwanciya sama garau, taurari a fili, ka farka tabarma na yawo a tsakar ɗaki.

Haɗarin kuma kullum ƙaruwa yake, da hannunmu muke ƙara shi. Fadamun da kakanninmu suka bar wa rake da shinkafa an yanka su fuloti. Inda ruwa ke shimfiɗewa ya huta, an ja katanga. Magudanan Samaru da na kewayen kasuwar Sabon Gari sun cika da ledar ruwa da robobi da ɓawon rake, wasu ma hadari suke jira ya haɗu su juye shara a kwata. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In ka tare ta, ta cikin ɗakinka zai bi. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake jiƙewa, ba ya ƙara, ba ya sallama, sai dai a ji rugugi cikin dare.

Wata damina na tsaya kusa da wata gada, ruwa ya cika ya yi ja wur, yana tafe da kututture da mushen akuya. Samari sun jeru a kan gadar, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani ɗan acaɓa da goyon mace da jariri ya kutsa ta inda ruwa ya shafe hanya. Na ce wa wani dattijo da gidansa ke gangaren, "Baba, ku kwashe iyali mana ku hau sama." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina nan. Iyakarsa gindin mangwaron can." Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, a shekarun nan talatin an gine duk filin da ruwan ke bazuwa kafin ya kai mangwaron.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2022, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan damina mai nauyi, ambaliya ta ci sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, aka ƙirga gawa sama da 150. Duk waɗannan mutane sun kwanta suna ganin gidajensu daram.

Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA na bayyana wuraren da ambaliya ke barazana, NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha suna maimaitawa a rediyo. Laifinmu shi ne mu ji mu ce "Allah ya kiyaye," mu juya mu ci gaba da barci. Addu'a wajibi ce, amma mai tawakkali na gaskiya sai ya ɗaure raƙuminsa tukuna. In an yi gargaɗi ruwa bai zo ba, asararka wahalar dare ɗaya. In ya zo kana ciki, da-na-sani ƙeya ce.

Saboda haka, mai gida a gangare ya san tun yanzu inda zai kai iyalinsa: gidan ɗan'uwa a tudu, ko makaranta, ko masallaci, ko coci. Takardun gida da na makaranta a ƙulle su cikin leda a rataye sama. In an ce a tashi, a fara da yara da tsofaffi da masu ciki, a kashe wutar lantarki, kaya su biyo baya in da hali. Kada kowa ya ratsa ruwa mai gudu, ko da iyakar gwiwa ne. Kada a koma don an ga ya ɗan janye, sai an tabbatar na sama ya gama wucewa.

Masu unguwanni, limamai da fastoci, maganarku ta fi ta rediyo shiga kunne, ku faɗa a kan mumbari, ku tara matasa a yashe magudanai kafin Agusta. Hukuma ta daina zuba ido ana gini a hanyar ruwa, ta tanadi inda waɗanda aka ce su tashi za su sa haƙarƙarinsu, domin talaka ba ya barin ɗakinsa in bai san inda zai kwana ba.

Ɗan'uwa, in ka ji an ce ruwa na tafe, kada ka tsaya sai ka gani da idonka. Ɗauki 'ya'yanka ka hau tudu. Gida ana sake ginawa, rai ba a sake shi.