Dokin Talakawa Da Ya Ci Sukuwar Wales

A shekarar 2015 wata Baturiyar Ingila mai suna Louise Osmond ta fito da wani majigi da ta kira Dark Horse, wanda tsawonsa bai cika sa'a ɗaya da rabi ba. Babu 'yan wasan kwaikwayo masu suna a cikinsa. Mutanen da abin ya faru a kansu su ne suka zauna suka ba da labari da bakinsu, har 'yan kallo suka zaɓe shi ya sami lambar yabo a taron majigi na Sundance a Amurka a wannan shekara.

Ga asalin maganar. A kudancin Wales akwai wani ƙauye, Cefn Fforest, wanda mutanensa suka rayu bisa haƙar kwal. Da aka rufe ramukan kwal sai talauci ya sauka musu. A nan wata mace take, Jan Vokes, mai aikin ƙodago, wadda ta saba kiwon karnukan tsere da tattabaru. Wata rana a wurin aikinta ta ji wani akawun haraji, Howard Davies, yana labarin dokin sukuwa da ya taɓa shiga tarayya a kansa. Sai ta ƙudura a ranta ita ma sai ta yi kiwon irinsa, alhali a ƙasar nan sukuwa harka ce ta sarakuna da attajirai.

Ita da mijinta suka sayi wata goɗiya da ba mai so, kan fam 350, aka kai ta wurin ingarma. A 2001 ta haifi dukushi ja mai farin goshi da fararen ƙafafu, aka rene shi a ɗan fegin lambu a gefen gari. To, kuɗin horon dokin sukuwa ya fi ƙarfin gida guda, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka mutum 23 suka haɗa kai, kowa yana zuba fam 10 a mako kamar adashi, suka raɗa masa suna Dream Alliance, watau ƙawancen mafarki, suka danƙa shi ga gwanin horo Philip Hobbs.

Doki ya kama abin kirki. A 2007 ya ci babbar sukuwa a Perth, kana ya zo na biyu bayan shahararren doki Denman a Newbury. Amma a 2008, a filin Aintree, jijiyar ƙafarsa ta gaba ta yanke ana tsakiyar gudu. Bisa al'adar wurin, dokin da ya sami irin wannan rauni kashe shi akan yi nan take.

Nan ne zuciyar majigin. Ga kuɗin da doki ya ciwo a ajiye, ga masu shi mabukata, ga likitoci sun ce akwai wani sabon magani na dasa ƙwayoyin halitta a jijiya wanda zai ci wajen fam 20,000, ba kuwa wanda ya lamunce zai sāke gudu. Duk ɗan kasuwa ya san abin da lissafi zai ce: a raba abin da ke hannu a tashi. Su kuwa suka ce dukiyar nan da ƙafarsa ya samo ta, shi ya fi cancanta da ita. Aka yi magani, ya yi fiye da shekara yana jinya.

Ran 28 ga Disamba 2009, a filin Chepstow, aka yi babbar sukuwar Wales, tafiyar fiye da mil uku da rabi tare da tsallake shinge, ƙasa kuwa duk caɓi. Tom O'Brien ne bisa kansa. Dokin da aka yi niyyar kashewa shi ya riga kowa isa.

Ya huta da sukuwa a 2012, ya mutu a 2023 yana da shekara 22. Da aka rufe littafi aka cire ɗawainiya, abin da kowane ɗan tarayya ya samu bai wuce kimanin fam 1,430 ba, ribar shekaru goma ke nan. Fatake za su ce wannan ciniki bai biya ba, kuma ta fuskar kuɗi sun yi gaskiya. Sai dai mai kallo zai lura babu ko ɗaya cikin masu ba da labarin da ya tsaya kan kuɗi. Abin da suke ambata shi ne ranar da aka buɗe musu ƙofar wurin masu dawaki, wadda dā ba su isa su kusance ta ba, da yadda ƙauyen da aka manta ya sami abin ɗaga kai. Tarayyarsu ta gamu da ranar da hasara ta fi riba kusa, ba ta watse ba. Masu haɗa jari a kasuwanninmu sun san irin wannan rana ce kan raba abokai, ko ta ɗaure su har abada.