Cancanta da Ingancin Madogara Wajen Rubuta Tarihin Rayuwa a Wikipedia: Misalai daga Masarautar Daura

1.0 Gabatarwa

Wikipedia kundin sani ne na intanet da aka kafa a shekarar 2001, wanda kowa ke da damar rubutu ko gyara a cikinsa, kuma yana da sashen Hausa. Da yake ɗalibai kan fara leƙa shi kafin su buɗe littafi, ya zama wajibi malamin Hausa ya san sharuɗɗa biyu da ake gindaya wa tarihin rayuwar mutum a wannan kundi, wato cancanta da ingancin madogara.

2.0 Cancanta

Cancanta a nan ba ta nufin farin jini ko yawan jama'a. Abin da ake nufi shi ne a tarar wasu marubuta, waɗanda ba su da alaƙa da mutum, sun yi cikakken bayani a kansa a cikin littattafai ko jaridu ko mujallun ilimi da aka amince da su. Alal misali, babu mai jayayya game da cancantar Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, ya shugabanci Nijeriya daga 1983 zuwa 1985 da kuma daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a 2025. Haka nan Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. To amma attajiri ko malamin zaure da duk garin ya sani yana iya kasa cika sharaɗin, muddin ba a rubuta kome a kansa ba. Wannan ba raini ba ne ga darajarsa. Kundin ba ya da wata hanyar tantance abin da aka faɗa game da shi ne kawai.

3.0 Ire-iren Madogara

Ana iya kasa madogara gida biyu:

(a) Madogara ta asali, wato wadda ta fito kai tsaye daga masu abin, kamar Girgam, kundin da ya jero sarakunan Daura, ko kirarin maroƙa, ko takardar da iyali suka buga ranar naɗin sarauta. Irin wannan tana da amfani, sai dai ba ta tabbatar da cancanta, domin Hausawa na cewa yabon kai jahilci.

(b) Madogara ta nazari, wato wadda manazarci ya tace bayanai ya auna su, kamar littafin M. G. Smith, The Affairs of Daura, na 1978, ko The Emirates of Northern Nigeria na Hogben da Kirk-Greene, na 1966. A kan wannan kashin ake gina maƙala.

4.0 Matsalar Bayanan Baka

Mafi yawan tarihin Daura a baka yake. Labarin Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu ya cancanci shiga kundin, saboda masana irin su H. R. Palmer a 1928 da W. K. R. Hallam a 1966 sun yi rubutu a kansa. Duk da haka, masana sun saɓa game da matsayinsa: tarihi ne ko tarihihi? Don haka ba a rubuta kai tsaye cewa Bayajida ya kashe macijin, sai a ce bayanan baka na Daura sun nuna haka, sannan a kawo ra'ayoyin masana ba tare da ɗaukar ɓangare ba. Kazalika, abin da marubuci ya ji daga bakin kakansa ba ya shiga, kome gaskiyarsa, sai an wallafa shi a wani wuri tukuna.

Lamarin ya fi tsanani idan wanda ake magana a kansa yana raye. Magana zarar bunu ce, zargin da ba shi da madogara yana iya zubar da mutuncin mutum da na zuriyarsa, shi ya sa ƙa'ida ta ce a cire shi nan take.

5.0 Kammalawa

Illar waɗannan sharuɗɗa ita ce suna barin mutane da dama a waje, musamman mata da makaɗa da masu sana'o'in gargajiya, waɗanda alƙalami bai waiwaye su ba. Maganin wannan ba karya ƙa'ida ba ne. Shi kansa littafin Smith ya dogara ƙwarai ga bayanan baka da aka tattara a masarautar. Ke nan nauyi ya rataya a wuyan malamai su zauna da dattawa, su ɗauki bayanansu, su tace su, su wallafa a mujallu da littattafai, kafin masu ilimin su kau.