Ma'aunin da Ya Ƙi Daidaita a Cikin Furoton

Littattafan makaranta na cewa furoton, ƙwayar da ke tsakiyar atam, na ɗauke da ƙananan ƙwayoyi uku masu suna kwak: biyu "na sama", ɗaya "na ƙasa". A nutiron kuma, ɗaya ƙwayar da ke tsakiyar atam, akasin haka ne. Amma cikin furoton ba ya zama shiru. Kowane lokaci wasu kwak na ɓullowa tare da kishiyoyinsu, su ɓace nan take. Masana suka ce tunda kwak na sama da na ƙasa duk marasa nauyi ne sosai, dole kishiyoyinsu su zo daidai wa daida.

Idan haka ne, lissafin da ya samo asali daga aikin Kurt Gottfried na 1967 ya ce in an gwada furoton da nutiron, sakamakon zai zama kashi ɗaya cikin uku, wato 0.33. Shekaru sama da ashirin kusan babu wanda ya damu.

A 1991 wata ƙungiyar masana a cibiyar CERN da ke Siwizalan ta harba wasu ƙwayoyi masu suna miyuwon cikin haidirojin da ditiriyam, wato nau'in haidirojin mai ɗauke da nutiron, ta auna. Lambar da ta fito 0.24 ce. Giɓin ya fi ƙarfin a ɗora wa kuskuren na'ura. Ma'anarsa ɗaya: kishiyoyin kwak na ƙasa sun fi na sama yawa.

Abin mamaki, tun 1983 Anthony Thomas, ɗan Ostireliya, ya hango hanyar da hakan zai faru. A cewarsa, furoton kan rikiɗe na ɗan ƙiftawar ido ya zama nutiron tare da wata ƙwaya mai suna payon, wadda a cikinta akwai kishiyar kwak na ƙasa, sannan ya koma yadda yake. Mutane kaɗan ne suka saurare shi a lokacin.

Gwajin NuSea a Fermilab ta Amurka, ƙarshen shekarun 1990, ya tabbatar da rinjayen, sai dai ya zo da wata sabuwar rigima. A inda kishiyoyin kwak ke ɗauke da kaso mai tsoka na ƙarfin furoton, rinjayen ya yi kamar zai juye. Babu ka'idar da ta iya bayyana wannan.

Don haka aka gina wani sabon gwaji mai suna SeaQuest, da yawa daga kayansa ragowar tsofaffin gwaje-gwaje ne aka tsinto aka harhaɗa, kamar makanike mai tada mota da kayan gwanjo. Masu gwajin suka riƙa harba furoton cikin ruwan haidirojin da ditiriyam mai tsananin sanyi, suna ƙirga miyuwon da ke fitowa bibbiyu bayan sun ratsa katangar ƙarfe. A Fabrairun 2021 mujallar Nature ta buga sakamakon: juyewar ba ta bayyana ba. Kishiyoyin kwak na ƙasa sun fi na sama yawa a duk faɗin da aka auna, kusan sau 1.4 a matsakaici, daidai da abin da masu ra'ayin payon suka daɗe suna faɗa.