Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

A wasan besbol 'yan wasa tara ne ke tsaron fili, takwas a tsaye, ɗaya a tsugune. Na tsugunen nan shi ne mai cafe. Yana bayan mai riƙe da sanda, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri a ɗaure da kariya, yana jiran ƙwallon da mai jifa zai wurgo daga tazarar mita 18 da ɗan ɗoriya. Ƙwallon ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, amma tauri gare ta kamar dutse, kuma takan zo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. A wasa ɗaya zai cafe sama da ɗari, ya tsuguna, ya miƙe, ya sake tsugunawa.

Cafiyar ma ita ce mai sauƙi. Shi ke gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, a al'ada da yatsu yake nuna masa a ɓoye tsakanin cinyoyinsa. Dole ya san halin kowane mai jifa na ƙungiyarsu, wanda ke ruɗewa in an matsa masa da wanda sai an lallaɓa shi, ya kuma san lagon kowane mai sanda na abokan hamayya. In ƙwallo ta faɗi ƙasa, da jikinsa zai tare ta. Bayan duk wannan, in layi ya zo kansa, ana so ya ɗauki sanda ya yi bugu kamar kowa. Shi ya sa masana wasan suka yarda cewa mai cafe ya fi kowa jinkirin nuna. Ba a koyon aikinsa a allo, sai an tsuguna an sha bugu shekara da shekaru.

Makarantar koyon kuwa ita ce ƙananan rukunoni. Kowace babbar ƙungiya a Amurka tana da rassa a ƙananan garuruwa, hawa-hawa daga matakin A zuwa AA zuwa AAA, inda matasa ke yin wasa wajen 140 tsakanin Afrilu da Satumba, yawancin tafiyarsu a bas. Duk raunin da ya kwantar da mai cafe a nan, darasi ya ɗauke masa, kuma akwai wani yaron a baya yana jiran gurbinsa.

Labarin mai cafe Travis d'Arnaud ya isa misali. An haife shi a Long Beach ta jihar Kalifoniya a 1989, ƙungiyar Philadelphia Phillies ta ɗauke shi daga sakandare a 2007, shi ne na 37 a jerin zaɓen matasa na shekarar. A Disamban 2009 aka ba da shi ga Toronto Blue Jays cikin cinikin da ya kai shahararren mai jifa Roy Halladay zuwa Philadelphia. Tun daga nan jiki ya fara gardama. A 2010 ciwon baya ya cinye masa kusan rabin kaka. A 2011 ya samu lafiya, nan take aka ga ko shi wane ne: sau 21 ya buga ƙwallo ta fice daga fili a reshen New Hampshire na matakin AA, aka zaɓe shi gwarzon rukunin. Kafin shekarar ta ƙare, jijiyar babban yatsansa ta tsinke yana wakiltar Amurka a gasar duniya a Panama, sai tiyata.

2012 ta fi ciwo. Yana matakin AAA a Las Vegas, taki ɗaya ya rage ya shiga babban rukuni, bugunsa kuma yana tashe, sai a watan Yuni ya zame ƙasa wajen isa zango na biyu, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Kaka ta ƙare. A Disamba aka sake cinikinsa, shi da matashin mai jifa Noah Syndergaard, zuwa New York Mets a madadin R.A. Dickey. Abin lura a nan, sau biyu ke nan ana musayar yaron da bai taɓa taka babban fili ba da mai jifan da ya taɓa cin kyautar Cy Young, wato mafi girman lambar masu jifa. Ƙungiyoyin sun san abin da suke gani. A Afrilun 2013 kuma ƙwallon da ta goge sanda ta sauka a kan ƙafarsa ta hagu, ƙashi ya karye. Sai 17 ga Agusta ya fara wasa a babban rukuni, yana da shekara 24.

Tun lokacin aka manna masa sunan mai raunin jiki. A ganina sunan bai yi masa adalci ba. Ciwon baya, to, ana iya ɗora shi a kan jiki. Amma ƙwallon da ta canja hanya bayan ta goge sanda ba mai iya kauce mata, musamman wanda aikinsa shi ne ya tsaya a gabanta. Haka sandar da ta dawo ta buge shi a ka a 2014 har ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Wajen zaman ne ke da haɗari. Su kansu masu tsara wasan sun san haka, domin bayan da wani mai gudu ya banke mai cafe Buster Posey na San Francisco a 2011 ya karya masa ƙafa, a 2014 suka kafa dokar taƙaita irin wannan karo. Dokar dai ba ta hana ƙwallo samun yatsa.

Hawa babban rukuni bai raba shi da ƙananan ba. A Yunin 2014 bugunsa ya lalace, Mets suka mayar da shi reshensu na Las Vegas ya gyara hannu, ya dawo bayan 'yan makonni da kyakkyawan bugu. A 2015 ya karye a hannu, ya gurɗe a gwiwar hannu, duk da haka da shi suka kai wasan ƙarshe, Kansas City ta doke su. A 2018 aka yi masa tiyatar da ake kira Tommy John, wadda ake ɗauko jijiya daga wani sashen jiki a maye ta gwiwar hannu da ita. A Mayun 2019 Mets suka sallame shi. Ya leƙa Dodgers na 'yan kwanaki, ya farfaɗo a Tampa Bay, sannan Atlanta Braves ta ba shi kwantiragin shekara biyu kan dala miliyan 16.

A 2021 jijiyar babban yatsa ta sake kwantar da shi wata uku. Ya dawo a Agusta. Ranar 2 ga Nuwamba a Houston, da Braves suka ci wasa na shida na jerin wasannin ƙarshe da ci 7 da nema suka ɗauki kofin da Amurkawa ke kira na duniya, shi ne a tsugune a bayan mai sanda, yana da shekara 32, shekara 14 bayan Phillies sun ɗauke shi daga makaranta.